Yaron Iya

Azahar ta gota. Ruwan da aka yi ta yayyafawa tun hantsi ya ɗauke, amma rana ba ta leƙo ba. Garin ya yi luf, indararo yana ɗiga cikin bokiti a hankali. Muntasir yana zaune a gindin sabuwar katangar bulo da ta raba gidansu biyu, da kwanon shinkafa da wake a gabansa. Tun da aka ajiye masa bai ɗaga murfin ba.

Yaro ne ɗan shekara tara, siriri, mai yawan shiru. Da ba haka yake ba. Duk wanda ya san gidan nan na Ƙofar Jatau a bara zai gaya maka muryarsa ake fara ji tun daga zaure. To, amma shi kansa gidan da ba haka yake ba.

Babban gida ne na gado, mai sassa. Babansa, Malam Zailani, yana sashen gabas. Wan babansa, Baba Ashiru, yana na yamma da iyalinsa. A tsakiya kuma ɗakin kakarsu ne, Iya Sailuba, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara wanda ya girmi kowa a gidan. A ƙofar ɗakin nan yara suke cin abinci. Kowace mace ta sauke tukunya sai ta zubo na yara a babban tire guda, a kai gaban Iya. Su zagaye shi, shi da Nasrullahi da Sumayya, 'ya'yan Baba Ashiru, da duk ɗan maƙwabcin da ƙafarsa ta kawo shi. Iya tana kan buzunta tana raba nama, tana tsawata wa mai babbar loma. In tuwo aka yi, ita ke kankare ƙanzon tukunya, ta zuba masa ɗan mai da yaji, ta ɓoye a bayanta har sai an watse, sannan ta yafito Muntasir.

"Maigida, zo nan. Miji ba cefane, ba kuɗin sabulu, sai ci. Ungo, kar ka fita ka ce na bar ka da yunwa."

"Ni fa na sake ki tun jiya, tsohuwa. Ko haƙori ba ki da shi."

"Ka sake ni kana cin ƙanzona? Kawo mini abina."

Sai ya ruga da shi bayan randa yana dariya.

A ɗakin Iya ya tashi. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Radiya, ita kuwa Radiya 'yar wani ƙauye ce can bayan Kufena, inda har yau ake riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa, ba ta zama cin abinci da shi. Ranar da aka yaye shi Iya ta goya shi ta kai ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. In Radiya za ta ambace shi sai ta ce "yaron Iya". Shi kuma da ya buɗe baki ya ji ƙannen babansa suna ce mata Yaya, sai ya bi bakinsu, har yau Yaya yake ce mata. Abin bai taɓa damunsa ba. Me zai dame shi? Gida cike da bakuna, kafin rana ta faɗi an kira sunansa har ya gaji da amsawa. Wannan ta aike shi sayen daddawa, wancan ya neme shi ƙwallo, Iya ta ƙwala masa kira don kawai ta ji ya ce na'am.

Iya ta rasu gab da azumi. Bayan sadakar arba'in manya suka zauna a zaure da wani malami, aka raba gado. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya. Baba Ashiru dai ya ce ya gaji da yaɓen ginin ƙasa duk shekara, ya sayar da kasonsa, ya kwashe iyalinsa suka koma Kaduna. Magina suka zo suka ja igiya a tsakar gida. Igiyar ta bi ta gaban ɗakin Iya, ɗakin ya faɗa ɓangaren da aka sayar. Muntasir yana tsaye yana kallo aka yi ta ɗora bulo a kan bulo, har ƙofar ɗakin ta ɓace masa, sai rufin kaɗai yake hangowa. Malam Zailani kuwa mai ɗinkin babbar riga ne, aikin ya ja baya a cikin birni, sai ya bi wani abokinsa Abuja, ba ya zuwa sai ƙarshen wata.

Gida ya rage mutum uku: Muntasir, da Yaya, da ƙanwarsa Nana wadda ba ta fara magana ba tukuna.

Radiya ta fito daga madafi da Nana goye a bayanta. Ta dubi kwanon, ta dubi igiyar shanya, ta soma taɓa kayan da ruwa ya jiƙa kamar su ta fito dubawa.

"Nana," in ji ta, "ki gaya wa yayanki abinci yana hucewa."

Nana tana tsotsar yatsa, ba ruwanta.

"Nana, ki ce na ƙoshi," in ji Muntasir.

"Nana, ki tambaye shi me ya ci da zai ƙoshi."

Ta ɗan jima a tsaye, ta matse gefen wani zane da bai bukaci matsa ba, ta koma ciki.

Haka suke magana tun da aka yi katangar. Kuma ba wai abincin ba daɗi ba ne, Yaya ta iya girki, kowa ya sani. Shi dai bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba tun da ya zo duniya. In ya kai loma baki sai ya ji ƙarar taunarsa a cikin kunnensa, ba hannun da zai yi karo da nasa, ba wanda zai ce ya ci gabansa. Sai abincin ya tsaya masa a wuya. Yakan yi loma biyu, ya faki idon Yaya, ya juye wa kaji sauran.

Daga bayan katanga aka ƙwala kira.

"Suhail! Suhail, zo ka cire kayan makarantar nan kafin in zo in same ka!"

Sababbin maƙwabtan ne. Mijin ma'aikaci ne, da safe yake fita da mota, matar kuwa Hauwa'u sunanta amma kowa Maman Suhail yake ce mata. Suhail shi ne ɗanta na fari, sa'an Muntasir, kuma tun safe har dare bakinta yana kan sunansa. Suhail ka yi wanka, Suhail ka bar talabijin, Suhail ɗan albarka. Muntasir yakan jingina kansa da katanga ya saurara. Abin yana ba shi mamaki, wai uwa ce take kiran ɗanta na fari haka gatsau, kuma ba abin da ya same ta.

Wani tunani ya zo masa. Ai ɗan maƙwabci ba ya neman izini kafin ya zauna gaban tire, haka ya sani. Ya ɗauki kwanonsa, ya bi ta zaure, ya zagaya ta lungu inda aka fasa wa sababbin mutanen tasu ƙofar, ta ƙarfe, mai baƙin fenti. Ya ƙwanƙwasa da gefen murfi.

Maman Suhail ta buɗe, fara'a a fuskarta.

"A'a, ɗan maƙwabta ne? Sannu. Mamanka ce ta aiko ka?"

Kafin ya haɗa magana ta karɓe kwanon ta buɗe.

"Kai, wake da shinkafa! Allah sarki, mutanen cikin gari akwai zumunci. Tsaya ina zuwa."

Ta bar shi a bakin ƙofa. Ta tsakanin ƙofar ya hango tsakar gidan da ya rarrafa a cikinta, an shafe ta da siminti. Ya hango ɗakin Iya a gefe, an jingina tsofaffin kwanukan rufi a jikinsa. Can cikin falo Suhail yana kwance a kan kujera da nasa farantin a kan ciki, yana ci da cokali, idonsa a talabijin. Ko juyowa bai yi ba.

Ta dawo da kwanon an wanke shi tas, ta saka biskit da dabino a ciki.

"Ka ce na gode ƙwarai, ka ji? Ka ce ina nan shigowa mu gaisa."

Ta rufe ƙofar a hankali. Muntasir ya tsaya yana kallon baƙin fentin. Maganar da ya zo da ita gajera ce, a ce Suhail ya fito su ci tare, amma ba ta sami hanyar fita ba. Ya koma gida, ya ajiye kwanon a ƙofar madafi.

"Nana, ki ce Maman Suhail ta ce ta gode."

Radiya ta buɗe kwanon, ta ga biskit da dabino. Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta tambayi Nana komai ba.

Da wata ya ƙare Malam Zailani ya zo. Ranar Muntasir ya ci tuwo sosai, don a kwano ɗaya suka ci da Baba a zaure. Bayan magariba yana kwance a tabarma a tsakar gida, an ɗauka barci yake yi, sai ya ji su ta taga.

"Yaron nan ya rame, Radiya. Kin ga wuyansa kuwa?"

"Ba ya ci, Malam. Kajin gidan nan duk sun yi ƙiba, ina gani."

"To ki zauna ki ci da shi mana. Ki kira shi, ki ja shi da hira. Yanzu wa yake wannan kunyar?"

"Haba Malam. Da wane bakin? Innarmu har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Kuma ba ƙinsa take yi ba, kai ma ka sani."

"Na sani. Amma Innarku mutum nawa ne a gidanta? Kakanni, gwaggwanni, kowa ya karɓa mata. Ke wa zai karɓa miki? Iya ta tafi."

Muntasir ya riƙe numfashi.

"Na sha gwadawa," in ji ta, muryarta can ƙasa. "In sunan ya zo nan bakina sai ya maƙale."

"Allah ya kyauta," in ji Baba. Washegari da sassafe ya koma Abuja.

A cikin kwanakin nan ne Muntasir ya gano hanya. Akwai bishiyar gwaiba a kusurwar gidan, kusa da rijiya, reshenta ya haura katanga. In ya hau gwaibar ya taka kan bulo, sai ya sauka a kan wani tsohon turmi da aka kife a gefen ɗakin Iya. Da rana tsaka sababbin mutanen gidan suna cikin falo, ƙofa a rufe. Sai ya ɗaure kwanonsa a cikin tsohon ɗankwali, ya rataya a wuya, ya haura.

Ɗakin ba komai a ciki sai ragowar buhunan siminti da wata tsohuwar taya. An kwashe gadon ƙarfen Iya, amma ramukan ƙafafunsa suna nan a ƙasa. Ƙusar da take rataya carbi tana nan. In ya matsa hancinsa jikin bango, har yanzu akwai ɗan ƙamshin turaren wutarta can ciki. Yakan zauna daidai inda buzunta yake, ya buɗe kwano.

"Tsohuwa, yau dambu ne. Ba za ki iya ba, sai mai haƙori."

Sai ya ci. Ba ya cinyewa, amma yana ci fiye da na kaji.

Ya san ɗakin ba lafiya. Bana ba wanda ya yaɓe rufin, ciyawa ta tsiro a kai, bangon yamma ya tsage tun daga sama har ƙasa. Da kunnensa ya ji Maman Suhail tana cewa, "Suhail, kar in kuskura in gan ka kusa da ɗakin can. Yau ko gobe zai zube. Babanku ya ce damina na wucewa za a rushe shi." Ya ji, amma washegari ya sake haurawa.

Ranar da abin ya faru, tun safe ake zafi mai nauyi, irin wanda ko ganye ba ya motsi. Ya dawo daga makaranta, ya haura da kwanonsa, ya ci abin da zai ci. Sanyin ƙasar ɗakin ya yi masa daɗi, ya miƙe a tsakanin ramukan gadon nan, barci ya ɗauke shi.

Tsawa ce ta tashe shi. Ɗakin ya yi duhu kamar magariba, alhali la'asar ce ta wuce da kaɗan. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Ta tsakanin azara ruwa yana zubowa, ja, haɗe da ƙasa, har ya jiƙa masa kafaɗa. Ya tashi zaune. Wani curin ƙasa ya ɓalle daga kusurwa ya faɗo kan buhunan siminti, ya tarwatse.

Ya miƙe zai fita, sai ya ji muryar Yaya ta bayan katanga.

"Nana, ina yayanki?"

Ya tsaya.

"Nana, ina yayanki ya shiga cikin ruwan nan?"

Ya ji ta buɗe ƙofar ɗaki ta rufe. Ya ji ta leƙa banɗaki, ya ji ƙarar murfin rijiya, ta ɗaga ta mayar. Sannan ƙofar zaure ta yi ƙara. Yaya ba ta fita ko bakin zaure sai da dalili mai ƙarfi, shi ake aika komai. Ya dafa ƙyauren ɗakin, ya saka ido a tsagar katakon, ya jira. Shi kansa bai san abin da yake jira ba.

Ruwan ya ɗan lafa, ya koma zuba a tsaye. An jima sai aka buga ƙofar ƙarfe, bugu ba na sallama ba. Maman Suhail ta fito da lema ta buɗe.

Yaya ce. Ba takalmi a ƙafarta, taɓo har idon sawu. Hijabinta ya jiƙe ya manne mata, Nana tana kuka a ƙarƙashinsa.

"Subhanallahi! Maƙwabciya, lafiya? Shigo daga ruwan nan."

Ta jawo ta ƙarƙashin baranda, kusa da ɗakin Iya, har Muntasir yana jin haki a muryar Yaya.

"Don Allah ko kin ga yaron nan?"

"Wane yaro?"

"Yaron Iya."

"Wace Iya kuma?"

Da a bara ne, daga nan har bakin ganuwa ba wanda zai yi wannan tambayar.

"Na wajena," in ji ta. "Babban."

"Au, wanda ya kawo mana abinci? Wallahi ban gan shi ba. Kin duba gidajen abokansa?"

"Na duba lungu duka. Na je har bakin kwalbati, ruwa ya cika ta."

"Kar ki kawo wannan a ranki. Bari in kira Baban Suhail a waya, ya sa a yi cigiya a lasifikar masallaci, yanzu za a gan shi. Ya sunansa?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ta kai hannu baya ta dafa Nana, bakinta ya motsa kamar za ta ce mata ta faɗa. Nana kuka kawai take yi.

"Maƙwabciya, sunansa. Ai ba a cigiya ba suna."

A bayan Muntasir wani curin ya sake faɗowa, babba, har ƙasa ta fantsamo masa a ƙafa. Azara ɗaya ta yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Ya san abin da ya kamata ya yi, ya tura ƙyaure ya fito, shi ke nan an huta. Amma hannunsa ya ƙi turawa. Ya manne ido a tsagar, yana kallon bakin Yaya.

Ta faɗi wani abu, ƙasa-ƙasa.

"Na'am? Ruwa ya hana ni ji."

Yaya ta ɗago kai. Ba Maman Suhail ta kalla ba. Ta juya ta fuskanci tsakar gidan, wajen da tiren yara yake zama a da, ta buɗe baki.

"Muntasir!"

Sunan ya fito mata wani iri, kamar ta ɗauko kaya mai nauyi da ba ta saba ɗauka ba. Ta ja ƙarshensa yadda mutanen ƙauyensu suke ja. Bai taɓa jin an faɗe shi haka ba.

"Muntasir!"

"Na'am," in ji shi. Muryar ba ta fita ba. Ya tura ƙyauren da kafaɗa. "Na'am, Yaya."

Maman Suhail ta saki salati, lemar ta kusa faɗuwa daga hannunta. "A cikin ɗakin nan? Innalillahi! Ta ina ya shigo?"

Yaya ta ratsa ruwan ta zo ta kama wuyan hannunsa, ta fizgo shi daga bakin ƙofar. Ta dubi cikin ɗakin, ta ga kwanon a ƙasa, a daidai wurin buzun Iya, da ɗankwalin da yake ɗaure shi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja shi suka fita, ko sallama ba ta yi wa matar gidan ba.

A lungu ruwa yana gudu har ƙwauri. Ba ta sake shi ba. Hannunta da zafi, ta matse shi har yana jin ciwo. Ya yi ta tunani ko ta taɓa riƙe hannunsa haka, bai tuna ba. Bai ce ta sassauta ba.

Da suka shiga gida ta sake shi a ƙofar ɗaki. Ya tsaya yana jiran faɗa, ko duka ma. Ta kwance Nana, ta goge mata jiki, ta juya masa baya.

"Nana, ki gaya wa yayanki ya cire rigar nan kafin sanyi ya kama shi."

Ashe an koma. Ya shiga ya canza riga, ya fito ya zauna a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa. Yaya ta hura wuta a madafi, itacen ya jiƙe, hayaƙi ya cika gidan. Ta ɗora tukunyar tuwo. Yana jin ƙarar muciya tana bugun gindin tukunya.

Gab da magariba ruwan ya tsaya. Ana cikin wannan shirun sai wani abu mai nauyi ya zube a bayan katanga, ba da ƙara sosai ba, kamar an sauke babban buhu daga mota. Ƙasa ta ɗan girgiza. Maman Suhail ta yi salati, tana kiran Suhail ya koma ciki. Muntasir ya ɗaga kai. Inda ya saba hango rufin ɗakin Iya da ciyawarsa, yanzu sarari ne kawai, da jan gajimare.

A madafi muciya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye kafin ta ci gaba.

Bai yi kuka da ƙarfi ba. Hawayen dai suka yi ta zuba a kan gwiwarsa, ya bar su. Da aka kira salla ya yi alwala, ya yi sallarsa a ɗaki, ya dawo ya zauna inda yake.

Yaya ta fito da tabarma ta shimfiɗa a baranda, inda ruwa bai taɓa ba. Ta koma ta fito da tire. Tsohon tiren nan ne na yara, wanda gefensa ya lotse, tun rasuwar Iya yake jingine a bayan randa. Tuwon a tsakiyarsa bai cika ko rabi ba, miyar kuka ta zagaye shi. Ta ajiye. Ta zaunar da Nana a gaban tiren, ta wanke mata hannu a ƙwarya. Sannan ita ma ta wanke nata, ta zauna a gefen tabarma, ta ba da kafaɗa, fuskarta tana kallon katanga.

"Nana, ki ce wa mutane su matso. Ki yi bismilla."

Muntasir ya matso a hankali. Ya wanke hannu a ƙwaryar. Ya gutsuri loma, ya tsaya yana kallo ta gefen ido. Yaya ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba, ta gutsura daga nata gefen, ta kai baki. Nana ta dulmiya hannu biyu cikin miya, ta shafa a kumatu, ta kai hannu gabansa ta damƙo tuwon da ya gyara.

"Ke, ci gabanki," in ji shi.

Kafaɗar Yaya ta ɗan motsa, ko dariya ce ko mene ne, bai gani ba.

Suka yi ta ci. Kwaɗi sun fara kuka a kududdufin bayan gida. Sau ɗaya hannunsa ya yi karo da nata a tsakiyar tire, kowa ya janye, aka ci gaba. Loma tana wucewa ba ta tsaya masa a wuya ba. Sai da ya ga gindin tiren ya fito a gabansa sannan ya san ya cinye.

Yana shirin tashi wanke hannu, Yaya ta kai hannu bayanta ta jawo wani ɗan murfin kwano. Ƙanzo ne, an zuba masa mai, yajin a tare a gefe ɗaya ba a barbaɗa ba, don shi ba ya son ya yi yawa. Ta tura murfin a kan tabarma har ya taɓa gwiwarsa, idonta yana kan katanga. Ta ɗauki Nana ta soma goge mata baki da gefen zane.

Muntasir ya ɗauki ƙanzon, ya dangwali yajin kaɗan, ya kai baki.